Mai jinya a cikin gida: shin karɓar kuɗi yana zubar da lada?



Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya raba lafiya da rashinta tsakanin bayinSa, Ya jarrabi sashensu da sashe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, wata baiwar Allah ta aiko mini da tambaya, kuma na ga amsarta ta wuce ita kaɗai. Shekara huɗu ke nan da hawan jini ya kayar da mahaifiyarta, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya karye. Ita bazawara ce mai ƴaƴa uku. A da tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, to tun da ciwon ya zo ta kife turmi ta koma ɗakin tsohuwa. Yayyenta maza uku ne: ɗaya ma'aikaci a Yamai, ɗaya yana kasuwanci a Abijan, na ukun ya tafi bida Libiya. Suna aiko da kuɗin magani da na hatsi, Allah Ya saka musu. Sai babbansu ya ce zai yanka mata wani abu duk wata, nata na kanta. Kafin ta amsa, wata maƙwabciya ta ce mata duk wadda ta karɓi kuɗi a kan jinyar uwarta ta sayar da aljannarta da arha. Ta ji tsoro, ta ce wa yayan nata ya bari. Yau sabulun wankinta da littattafan lakwal na ƴaƴanta sai ta roƙa. Tambayarta ita ce: gaskiya maƙwabciyar ta faɗa?

Amsata a taƙaice: ba gaskiya ta faɗa ba. Abin da yayanta ya yi niyyar ba ta halal ne, kuma a ganina haƙƙi ne da ke wuyansu tun ranar da ta ajiye sana'arta, ko da ba ta buɗe baki ta nema ba. Ga dalilaina.

*Mu fara sanin aikin da ake magana a kai*

Wanda ke nesa yana jin kalmar jinya ne kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ciwo ya kwantar ba ya iya juya kansa, sai an riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar baya da ta ƙugu ta salluɓe ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Sai an ɗaga shi an yi masa wanka, an sauya shimfiɗa, an wanke najasa, an ba shi kunu cokali-cokali don kada ya shaƙe. Sai an taimaka masa da alwala ko taimama, an fuskantar da shi alƙibla. Ranar komawa likita sai an nemi abin hawa, an bi layi, an zagaya neman maganin da aka rubuta. Haka abin yake ga uwar yaron da sanƙarau ya bari da kurumta ko taɓin ƙwaƙwalwa, da wadda ke riƙon ƙanenta da shan inna ya karya, da mai kula da tsohon da rikicin tsufa ya sa ba a iya barinsa shi kaɗai ko na minti goma.

Wannan aiki ba shi da Juma'a, ba shi da sallah ƙarama ko babba. Mai yinsa ba ta zuwa biki, ba ta zuwa kasuwa, ta fita daga adashi domin ba ta da abin zubi. Da yawa manema sun zo sun koma, saboda ba ta iya barin ɗakin. Kuma mu faɗi gaskiya, a mafi yawan gidajenmu mace ce ke ɗauke da shi: ƴa, ko ƙanwa, ko matar ɗa, ko jikanyar da aka cire daga makaranta.

*Lada biyu ba sa karo*

Hausa ta kira sakamakon Allah lada, ta kira abin da ake ba ma'aikaci ladan aiki. Kuskuren maƙwabciyar nan shi ne zaton cewa in ɗaya ya shigo, ɗaya ya fita. Tarihin Musulunci bai nuna haka ba.

A shekara ta 2 bayan hijira, lokacin da musulmi suka fita zuwa Badar, Nana Ruƙayya ƴar Manzon Allah (SAW) tana kwance ba lafiya. Mijinta Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya zauna a Madina yana jinyarta. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya tabbatar wa Usmanu ladan wanda ya halarci Badar, ya kuma ba shi rabonsa. Ku dubi wannan da kyau. Mutum ya zauna gida yana jinyar matarsa, aka lissafa shi cikin mutanen Badar, aka ba shi kasonsa na duniya, kuma ladansa na lahira yana nan cikakke. Da karɓar wani abu yana ƙone ladan jinya, da Usmanu ne farkon wanda za a hana.

A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, Allah Ya umurci maza da su biya matan da suka saki ladan shayar da ƴaƴansu. Uwa ce, ɗan nata ne, nonon nata ne, tausayinta gare shi ba mai kokwanto a kai, duk da haka shari'a ta tsayar mata da biya a kan uban. Babu malamin da ya ce wannan uwa ta sayar da ɗanta. A Suratun Nisa'i, aya ta 6, an yi wa mai riƙon dukiyar maraya izini, idan matalauci ne, ya ci daga cikinta daidai gwargwado, mawadaci kuwa aka ce ya kame. Sayyidina Abubakar kansa, da aka ɗora masa halifanci ya rasa lokacin fatauci, an yanka masa abin ciyar da iyali daga baitulmali. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duk waɗannan guda ce: wanda aka tsare shi daga neman abincinsa domin maslahar wasu, cinsa yana kan waɗanda aka tsare shi dominsu.

*Wa nauyin ya hau?*

A nan ne ƴan'uwan da ke nesa ya kamata su saurara. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, kuma ake karanta shi a zaurukanmu daga Damagaram har Tawa, ya bayyana waɗanda ciyar da su ya zama tilas a mazhabar Malikiyya: matar aure, da iyaye biyu idan matalauta ne, da ƴaƴan da ba su da dukiya. Ɗa namiji ana ciyar da shi har ya balaga, amma idan ya balaga da naƙasar da ta hana shi nema, nauyinsa yana nan a kan uba. Muhtasar na Shehu Halil ya ƙara da cewa cikin abin da ke kan ɗa mai hali har da ciyar da mai yi wa iyayen hidima. Kuma zancen da manyan masu sharhi suka rinjayar shi ne a raba wannan nauyi tsakanin ƴaƴa, maza da mata, gwargwadon wadatar kowa.

To mu auna. Da babu wannan ƙanwa, da yayyen uku sun nemo wata daga ƙauye sun yi tsada da ita, sun biya ta duk ƙarshen wata, kuma ba wanda zai ce sun yi abin kunya. Yaya baƙuwa za ta cancanci biya, ƴar ciki ɗaya da ta fi ta tausayi, ta fi ta riƙon amana, ta tashi a tutar babu? Hidimar uwa tana kan ƴaƴa huɗun nan duka. Ɗaya ta ɗauki kasonta ta haɗa da na mutum uku. Abin da za su ba ta madadin kasonsu ne da ta ɗauke musu. Kuɗin magani na marar lafiya ne, buhun hatsi na gida ne, ita kuma fa?

Idan naƙasasshen ɗan'uwa ne ko kawu ko gwaggo, alƙalin Malikiyya ba ya tilasta wa dangi ciyar da shi, ko da yake Hanafiyya da Hambaliyya sun faɗaɗa wajibcin zuwa wasu makusanta. Amma rashin tilastawar alƙali bai ɗauke wajibcin sada zumunta ba, kuma barin musulmi ya tozarta laifi ne da ke hawa kan duk wanda ya sani kuma yake da iko. Idan kuwa shi naƙasasshen yana da dukiya, gona ko gidan haya ko dabbobi ko fansho, to a cikinta ake fitar da kuɗin kula da shi, da yardarsa in yana cikin hankalinsa, ko ta hannun waliyyinsa in ba ya ciki.

*Abin da masu ja suke faɗa*

Ba zan ɓoye muku ba, masu ƙin wannan magana suna da abin riƙo. Akwai malamai, musamman a Hanafiyya, da suka ce ba ya inganta uba ya ɗauki ɗansa aikin yi masa hidima da lada, domin hidimar ta riga ta wajaba a kan ɗan, kuma ba a biyan mutum a kan abin da ya zama dole ya yi. Wannan zance mai ƙarfi ne, kuma ina girmama shi. Saboda shi ne nake cewa ɗan da yake da wadata, jinyar ba ta hana shi nemansa ba, abin da ya fi masa shi ne ya kame, kada ya miƙa wa mahaifinsa takardar lissafi. Amma mas'alar da ke gabanmu daban take. Baiwar Allahn nan ba uwarta take cewa ta biya ta ba. Ƴan'uwan da ta ɗauke wa nauyi ne ke ba ta, kuma ita matalauciya ce da jinya ta raba da sana'arta.

Wasu kuma suna tsoron cewa in kuɗi ya shiga, tausayi zai fita, gida ya zama kanti. Wannan tsoro ma yana da wuri. Sai dai na ga abin da rashin kuɗin yake haifarwa. Mai jinyar da ta kwana da yunwa, bashi ya yi mata katutu, tana kallon matan yayyenta suna sauya atamfa, zuciyarta tana cika da ƙunci. Wata rana sai tsawa ta kuɓuce mata a kan tsohuwar da ba ta iya ramawa, ta koma bayan ɗaki tana kuka tana istigfari. Wa ya kai ta nan? Wanda ya bar ta ita kaɗai yana da kamasho a wannan tsawa. Biyan mai jinya kariya ce ga marar lafiyar kafin kowa.

Maganar niyya kuwa tsakanin bawa da Ubangijinsa take. Alamarta mai sauƙi ce: idan wata ya ƙare kuɗi bai zo ba, za ki bar tsohuwa cikin ƙazanta? In amsar a'a ce, to don Allah kike yi, kuɗin kuma guzuri ne da ke taimakonki a kan ɗa'a.

*Matar ɗa*

Akwai wadda ba ta ma da bakin tambaya, ita ce matar ɗa. Miji ya tafi bida shekara biyu, ya bar ta da mahaifinsa makaho ko mahaifiyarsa gurguwa, dangi kuma suna ganin ai aikinta ne. Malamai sun bayyana cewa hidimar iyayen miji ba ta cikin wajiban da igiyar aure ta ɗora wa mace. In ta yi, kyautatawa ce da za a gode mata, a kuma saka mata. Ya kai magidanci, biyayyar da matarka take yi wa mahaifiyarka a madadinka take yi. Wajibinka ne ta ɗauka. Kada ka tara wa kanka suna a gari cewa kana riƙe da tsohuwa, alhali hannunka bai taɓa wanke zanenta ba, kuma mai wankewar ba ta taɓa ganin ko dala ta godiya ba.

*Yadda ya kamata a yi*

Na farko, a zauna a yi magana a fili tun da wuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wanda ke waje a kira shi ta waya. A sa dattijo ko limamin unguwa ya halarta.

Na biyu, a raba asusu biyu: na marar lafiya daban, na mai jinya daban. Kada a aiko da jika ashirin a dunƙule, sannan a zo ana tuhumarta ina canji.

Na uku, a yanka adadi sananne, da lokacin biya sananne. Ma'auni shi ne abin da ake biyan mai irin wannan aiki a garin, ko abin da sana'arta take kawo mata a da. Domin a samu abin kwatance, mafi ƙanƙantar albashi da doka ta tsayar a Nijar tun farkon shekarar 2024 jika 42 ne a wata. Gidaje da yawa ba za su iya kai wa nan ba, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da tiyoyin hatsi bayan girbi, ko ya ɗauki nauyin karatun ɗanta ɗaya, ko ya ba ta akuya ta kiwo, ko ya zo da kansa ya karɓe ta kwana uku ta huta.

Na huɗu, a rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne tsakanin ƴan'uwa, maganin mantuwa ne da shaiɗan.

Na biyar, kada a ce a bari sai ranar rabon gado. Nan ne zumunta ke mutuwa. Magaji ba a yi masa wasiyya sai da yardar sauran magada, kuma kyautar da aka yi a ciwon ajali tana bin hukuncin wasiyya. Sau nawa muka ga wadda ta yi shekara goma tana jinya, ranar rabo aka ba ta kasonta daidai da na ƴar'uwarta da ba ta taɓa kwana a ɗakin ba, ta tashi ba sana'a, ba miji, ba lafiyar baya? Rabon gado hukuncin Allah ne, ba a taɓa shi. Gyaran yana gabaninsa: a biya ta tun mai ciwon yana raye. In an yi yarjejeniya a kan dukiyarsa ba a kai ga biya ba har ya rasu, ya zama bashi, bashi kuwa ana fitar da shi kafin a raba gado. In uba mai lafiyar hankali ya so ba ta gona ko ɗaki saboda hidimarta, ya miƙa mata ta karɓa a hannunta da shaidu tun yana da ƙarfi, domin a Malikiyya kyauta ba ta cika sai da karɓa.

Na shida, a kiyaye da zakka. Mutum yana iya ba ƙanwarsa matalauciya zakkarsa, har ya samu ladan sadaka da na zumunta. Amma ba ya halatta ya mayar da zakkar ladan aikin da ke kansa, kamar yadda ba ya ba iyayensa zakka don ya kauce wa ciyar da su.

*Rabon jama'a da hukuma*

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da naƙasa mai tsanani, saboda haka babu unguwar da ta kuɓuta. Wasu ƙasashe sun shigar da mai jinya cikin kasafinsu. A Ingila ana ba wanda ke kula da naƙasasshe aƙalla awa 35 a mako alawus, bisa wasu sharuɗɗa. A Faransa, tun shekarar 2002 akwai tallafin tsofaffin da suka kasa, wanda ake iya biyan ɗa ko ƴa da shi a matsayin mai kula da su. Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne gare mu. Masana tarihi sun ruwaito cewa halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sa wa makafi ƴan jagora, ya sa wa guragu masu hidima, daga dukiyar hukuma.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Muna roƙon mahukunta, idan ana tsara taimakon naƙasassu, a tuna da wadda ke tsaye a bayan keken. Kafin nan, masallatanmu suna iya farawa. Kwamitin da ya iya tara kuɗin fanka da lasifika zai iya sanin gidaje biyar na unguwa da ke da majinyaci kwance, ya ware musu wani abu daga zakka da sadaka. Wannan ya fi a bar iyali su tura makaho bakin titi da yaro ɗan jagora wanda ya kamata a ce yana makaranta.

*Zuwa ga mai jinya*

Ya ke ƴar'uwa, karɓi abin da yayanki ya ba ki, ki yi bisimilla ki ci, ki saya wa ƴaƴanki littattafai. Amma ki sani amana ta ƙaru a kanki. Kuɗin magani na magani ne, kada ki taɓa. Kada ki yi wa tsohuwa gori, kada ki hana dangi ganinta, kada ki tona asirin jikinta a wajen maƙwabta. Ranar da kika gaji ki faɗa, neman hutu ba saɓo ba ne. Ki sabunta niyya kowace safiya, domin abin da ke wurin Allah ya fi abin da ke zuwa ta hannun ɗan'adam.

Kai kuma ɗan'uwa da ke karanta wannan a Yamai, ko Agadas, ko Legas, ko Abijan, ka tuna hadisin da Buhari ya ruwaito game da mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya sa ma'aikaci aiki, aka gama masa, ya hana lada. Kada kunyar ƙanwarka ta zama ribarka. Ka ɗauki waya yau, bayan ka tambayi jikin tsohuwa, ka tambayi mai jinyar yadda ita ma take ciki, sannan ka faɗa mata adadin da ka yanka da ranar da zai iso.

Allah ne mafi sani. Wanda mas'alarsa take da sarƙaƙiya, musamman ta gado ko dukiyar marar hankali, ya zauna da malamin garinsu ko alƙali a duba ta daki-daki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Allah Ya ƙarfafi masu jinya, Ya haɗa musu ladan duniya da na lahira. Iyayenmu da suka riga mu, Allah Ya gafarta musu. Wanda ya san gidan da wannan magana ta shafa, ya isar musu da ita.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.